Birki a Gangarar Layi na Uku

Ranar da labarin ya iso mata, tana kan keke ne tana yi wa labulen maƙwabciyarta kalmasa. Hantsi ya ɗaga, daidai lokacin da motar layi na uku take saukowa gangara ta tsaya a ƙofar gidansu. Ta ɗaga ƙafa daga keken kamar yadda ta saba, ta kasa kunne. Sai ta ji an gurji giya ta biyu da ƙarfi, motar ta yi tari, ta tsaya da girgiza.

Wannan ba tuƙin mijinta ba ne. Hannun Dogo ne, abokin aikinsa, kuma Dogo ba shi da abin yi a wannan layi. Ta ɗaga labulen taga ta ga motar babu fasinja ko ɗaya, ga Dogo yana saukowa da hularsa a hannu. Kafin ya ƙaraso ta riga ta zauna a ƙasa.

Ya ce ciwon ƙirji ne ya kama mijinta a kan aiki. Ya ce bai firgita kowa ba. Ya kai motar bakin titi a hankali, ya ja birkin hannu, ya buɗe wa mutane ƙofa, sannan ya kifa kansa a kan sitiyari, rai ya yi halinsa. Wata mata da ke riƙe da tiren ƙwai ta ce ko ɗaya bai fashe ba.

Ita wannan bai ba ta mamaki ba. Da irin wannan tsayuwar ya aure ta.

A garejin kamfanin bas na garin suka haɗu. Tana budurwa lokacin, tana aiki a ɗakin gyaran kujeru, wani matsattsen ɗaki a bayan wurin wankin motoci, cike da soso da leda da warin gam. Karatunta bai yi nisa ba, amma hannunta ya iya ɗinki, kuma kowa a garejin ya san 'yar wane ce. Mahaifinta shi ake kira Lamba Ɗaya, don shi ya fara fitar da motar kamfanin kan titi.

Tun tana ƙarama ta haddace labarin. Wasu direbobin manyan motoci ne da aiki ya ƙare musu suka haɗa kai suka sayi tsofaffin motoci uku. Fentin da suka samu da araha kore ne, shi ya sa har yau motocin kamfanin kore ne. Su ne direbobi, su ne makanikai, matansu ke wanke labulen tagogi. Babu tasha, babu lokaci, duk inda aka ɗaga hannu sai a tsaya. Da garin ya faɗaɗa, hukumar gari ta shigo ciki. Aka ƙaro motoci, aka raba layuka da lambobi, aka kafa allon aiki a bakin ofis mai nuna wa zai tuƙa wace mota, aka ɗauki sufetoci masu bin layi suna duba tikiti da agogo. Dokoki ma suka zo. Wadda ta fi tsanani ita ce ta musayar aiki: direban da ya ba wani motarsa ba da sanin ofis ba, su biyun kora ce. An kafa ta ne bayan wani haɗari da aka rasa gane wanda ke kan sitiyari. Duk da haka direbobi suna yi a ɓoye, don ciwo da haihuwa ba sa duba allo kafin su zo.

Baba ya bar aiki ne da ciwon ido ya cinye ganinsa. Ya koma zaman ƙofar gida, a bakin tashar da ke tsakiyar gangarar layi na uku, yana sauraren motoci. Daga yadda mutum ya taka birki ko ya sa giya yake yanke masa hukunci. Wani ya ce sabon hannu ne, wani ya ce ya yi faɗa da matarsa da safe. Inna takan ce shi ya bar aiki, aikin ne bai bar shi ba.

Wata safiya wani saurayi ya shigo ɗakin ɗinki ɗauke da kujerar direba a ka. Ya ce soson ya mutu, bayansa ma ya kusa bin sa. Direban layi na bakwai ne, wanda ke bi ta babban asibiti. A garejin ana kiransa Sannu-Sannu, don kullum shi ne na ƙarshen dawowa: ba ya tashi sai tsofaffi sun zauna. Ta sake masa soso, ta ɗinke, ya ɗauka ya tafi. Washegari ya dawo da kujerar fasinja mai 'yar yaga. Bayan kwana biyu ya kawo wata, wadda sai ta kai ta bakin taga kafin ta ga inda ta yage.

Ta ce, "Wai kai kake yaga su, ko fasinja?"

Ya ce, "Fasinja ne. Ni dai addu'a nake yi musu su ƙara."

Ta juya masa baya don kada ya ga dariyarta. Shi ya sa mata suna Allura, wai ga ta siririya, ga tsini. Da ya samu lambar wayarta sai saƙonni suka fara shigowa, duk lokacin da ya kai ƙarshen layi yana jiran juyawa.

"Allurata, na iso lafiya. Kujerar nan ta fi katifata daɗi. In na yi barci a kan aiki ke za a kama."

Ita rubutu yana ba ta wahala, don haka amsarta ba ta da tsawo. "Ka kalli hanya."

"Ina kallo. Kowace hanya na bi sai in ga gidanku ta nufa."

Ta karanta wannan ta sake karantawa har gam ya bushe mata a yatsa. Da guntun yadi rawaya ta ɗinka masa ɗan labulen tare rana, ya rataya a saman gilashin gaba. Makanikai suka riƙa cewa motar layi na bakwai ta yi amarya kafin direbanta.

Da ya zo gaishe da Baba, Baba ya amsa masa da mutunci, ya tambaye shi iyayensa da layinsa, ya sallame shi. Bayan tafiyarsa ya kira ta ya ce shi ba ya so ta auri direba. Ya ce ya san abin da ya yi wa uwarta: fita tun kafin gari ya waye, abinci ya huce a rufe, ita kuma duk ƙarar da ta ji a titi sai gabanta ya faɗi. Ya ce ga wani Sufeto nan na kamfanin, mutum mai natsuwa, yana tashi aiki a kan lokaci, kuma ya daɗe yana nuna yana so.

Inna daga kicin ta ce, "Malam, ni na kawo maka ƙara?"

Baba ya yi kamar bai ji ba.

Sufeto ba mugun mutum ba ne. Rigarsa kullum a goge, maganarsa a auna, in ya zo hira sai ya duba agogo kafin ya zauna, ya sake dubawa kafin ya tashi. Ita dai ba ta taɓa jin tana son ta ɗinka masa komai ba. Ta ci gaba da lallashin Baba, Inna tana taya ta, har ya fara cewa a bari ya yi tunani.

Sai wata ranar ruwa ta zo. Inna ta raka Baba asibitin ido, sun fito da yamma sama ta ɓalle. Suka tsaya a tashar asibiti babu inda za su fake sosai. Motar layi na bakwai ta taho, Baba ya ɗaga sandarsa, Inna ta ɗaga hannu. Motar ta rage gudu kamar za ta tsaya, sai kuma ta ƙara wuta ta wuce, ta watsa musu ruwan kwata har ƙirji. Gilashin ya yi hazo, Inna ba ta ga fuskar direba ba. Amma ta ga ɗan labule rawaya, ɗinkin 'yarta.

Sanyi ya kama Baba ya kwanta. Sufeto ya zo dubiya, ya ji labari, ya je ya duba allon aiki ya ga sunan da ke kan motar a ranar, ya kai rahoto ofis kamar yadda aikinsa ya ce.

Ta sami Sannu-Sannu a bayan wurin wanki yana goge madubi. Ta ce, "Kai ne?"

Ya ce, "Motata ce."

"Ba motar na tambaye ka ba."

Ya daɗe yana murza tsumman a hannunsa. "Sunana ne a allo, Allura. Abin da zan iya ce miki ke nan."

Ta ce masa daga yau in kujerarsa ta yage ya kai wa wani. Ta koma ɗakinta ta rufe ƙofa, ta yi ta ɗinki tana warwarewa. Da la'asar saƙonsa ya shigo.

"Allurata, ban taɓa yi miki ƙarya ba, kuma ba zan fara yanzu ba. Akwai maganar da ba tawa ba ce ni kaɗai. Ki gaishe da Baba da jiki, ko da ba ki faɗa masa daga wanda gaisuwar ta fito ba."

Ta ajiye wayar. Da Baba ya tambaye ta ko ya ce wa Sufeto ya turo manyansa idan ya samu sauƙi, ta ce masa to. Babu wanda ya matsa mata. Zuciyarta ce ta yi nauyi, ta ga mutumin da zai wuce makaho a cikin ruwa ba abin da ba zai wuce ba.

Ofis ya hukunta Sannu-Sannu da abin da direbobi suka fi tsoro bayan kora. Aka cire shi daga layi na bakwai mai shimfiɗaɗɗen titi, aka mayar da shi layi na uku, aka ba shi motar da ta fi kowace tsufa. Layin nan babu mai son sa saboda gangarar. Tana da tsayi, ga tasha a tsakiyarta, yawancin direbobi sai sun zo dab suke danne birki, fasinja su hau bayan juna suna zagi. Wanda ya rubuta hukuncin bai tuna ƙofar gidan wa take bakin wannan tashar ba.

Ranar da Baba ya fara fitowa shan hantsi, tana kusa tana gyara masa bargo, sai ta ga ya karkata kai. Mota ce ke saukowa. Tun daga sama aka rage giya, inji ya riƙe ta, birki yana taɓawa kaɗan-kaɗan. Dab da tsayawa aka ɗan sassauta shi, motar ta zauna a tasha ba ko girgiza. Wata tsohuwa ta hau tana jan ƙafa, motar ba ta motsa ba sai da ta zauna.

Baba ya ce, "Wane ne wannan?"

Ta ce direbobi suna da yawa. Ta shige gida.

Kullum sai Baba ya yi maganar direban nan. Ya ce wa Inna har yanzu ashe akwai masu tuƙi a kamfanin. Ya ce wannan yaron ya san mutane ya ɗauko, ba buhuna ba. Ya ce tsohuwar motar nan ya san ta, kulocinta ya gaji tun yana aiki, amma a hannun yaron nan kamar sabuwa. Sai ta tsinci kanta ita ma tana kasa kunne, tana koyon abin da Baba yake ji. Tana jin yadda Sannu-Sannu yake jiran mai sanda, yadda yake jiran mai goyo, alhali ya san agogon Sufeto yana kansa. Tambaya ɗaya ta hana ta sukuni: mai irin wannan jiran, yaya aka yi ya wuce Baba?

Saura kwanaki kaɗan manyan Sufeto su zo, Baba ya ce yana so a kai shi ya hau motar nan, ya ji ta daga ciki, ya gaisa da direban. Tana iya cewa jikinsa bai yi ƙwari ba, kuma da ya haƙura. Ta tsaya da sandarsa a hannu tana tunani, sannan ta ce ya tashi su je.

Da ƙofa ta buɗe, Sannu-Sannu ya gan su, hannunsa ya tsaya a kan sitiyari. Ta girgiza masa kai alamar ya yi shiru. Ta zaunar da Baba a kujerar da ke bayan direba. Suka bi layin har ƙarshe, ta kasuwa, ta makarantar 'yan mata, ta gadar da ke bayan masana'antar sabulu. Baba ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan ƙarfen da ke gabansa yana jin motsin motar.

A ƙarshen layi kowa ya sauka. Baba ya ce, "Ɗana, wa ya koya maka tuƙi?"

Ya ce, "Kawuna ne, Baba."

Baba ya gane muryar. Fuskarsa ta sauya, ya ɗauke hannunsa daga ƙarfen. Ita ta ji kamar ta nutse a kujerar da ta ɗinka da hannunta.

Can Baba ya ce, "Ja ta. Sa mata ta biyu in ji."

Ya ja motar ya zagaya filin juyawa, ya sa giya ta biyu. Ta shiga ba ko ƙara.

Baba ya ce ya tsaya. Ya ce wanda ya wuce shi a bakin asibiti ya rage gudu, ya gan shi sarai, sannan ya gurji ta biyu kamar mai yankan ƙarfe. Ya ce ruwa bai hana shi ji ba, fushi ne ya hana shi tunani. Ya ce ko tsoro ko sauri ba sa mayar da wannan hannun ya zama wancan.

"Wa ka ba motarka?"

"Baba, sunana ne a allo."

"Na ji. 'Ya'yansa nawa?"

Sannu-Sannu ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Suna da yawa."

Baba ya yi dariyar da ta daɗe ba ta ji ya yi ba, har tari ya sarƙe shi. Ya ce su suka fara wannan musayar tun ba a san allo ba, shi kansa ranar da aka haife ta wani ne ya yi masa layinsa. Ya ce ba zai sake tambayar suna ba, kuma maganar ta mutu a cikin motar nan. Sannan ya laluba ya kamo hannunta.

"Na ce ba na so ki auri direba. Har yanzu ba na so. Amma wannan ya yarda ya rasa layinsa, ya yarda ya rasa ki, don kada wani gida ya rasa abinci. In kina son sa, ni ba ni da ta cewa."

Ta kalli madubin da ke saman gilashi, ta ga idanunsa a ciki suna jiranta, ga ɗan labulenta rawaya ya taho da shi har wannan tsohuwar motar. Ta ce, "Kujerar bayan can ta yage. Ka kawo gobe."

Da yamma saƙo ya shigo. "Allurata, zan kawo. In ba ta yage sosai ba zan taimaka mata."

Ta rubuta masa mafi tsawon saƙon da ta taɓa rubutawa. "Ka yafe mini. Na ji birkinka kafin in ji maganarka. Ka kalli hanya, ina jiranka."

Ita da kanta ta faɗa wa Sufeto, Baba kuma ya aika wa manyansa da ban haƙuri. Sufeto ya karɓa da dattako, ya yi mata fatan alheri. Sai dai shekara da shekaru bai fasa rubuta mijinta a kan makara ba, shi kuma bai fasa makarar ba.

Sai bayan an sa rana Sannu-Sannu ya ba ta sauran labarin. Matar Dogo aka yi wa aiki a asibiti da safen ranar, shi ya yi wa Dogo safiyarsa, Dogo ya karɓi yammarsa. Da Dogo ya iso tashar asibiti ya hango wani mai lema da gogaggiyar riga a tsaye, ya zaci Sufeto ne. In ya tsaya an gan shi a motar da ba tasa ba. Tsoro ya sa ya taka wuta, bai ma san wanda ya watsa wa ruwa ba sai washegari.

Ranar ɗaurin aure kamfanin ya ba da aron mota guda, makanikai suka wanke ta har tayoyi, ita kuma ta sake wa kujerun gaba riga. Dogo ne ya roƙa a bar shi ya tuƙa. Suna barin ƙofar gida ya sa giya ta biyu, ta yi ƙararta. Baba da ke bayansa ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗana, ka riƙa tausaya wa ta biyun nan. Yaya mai jiki, ta warware?"

Gumi ya karyo wa Dogo. Ya ce ta warware, Baba. Baba ya ce to madalla, a kalli hanya.

Da za a kai ta ɗakinta, Baba ya haɗa hannunta da na mijinta ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Ka riƙe ta yadda kake riƙe mota a gangara. Ke kuma in ya makara, ki san wani yake jira ya zauna." Inna ta ce amin tana share ido da gefen mayafi.

Suka kama gidan da ke jikin na Baba. Da wa'adin hukuncinsa ya ƙare aka ce ya koma layi na bakwai, ya ce a bar shi a na uku. Ya samo katako ya ƙera benci a bakin tashar don Baba ya daina zama a kan dakali. A kan bencin nan Baba ya ƙarasa shekarunsa yana yi wa direbobi hukunci, daga baya da jika a cinya. Abinci ya sha hucewa a rufe kamar yadda Baba ya faɗa, gabanta ma ya sha faɗuwa. Ba ta taɓa kai ƙara ba.

Yanzu kamfanin ya sauya. An daina kwandasta, kati ake taɓawa a bakin ƙofa. An kawo sababbin motoci marasa sandar giya, masu tafiya shiru, ba ka iya gane hannun kowa a cikinsu. Kore dai suna nan kore. Birki ne kawai ya rage da ke faɗin halin mutum.

Kowace safiya takan fito da tsumma ta goge bencin, don masu jiran mota su samu wurin zama. In ta gama ba ta shiga gida nan da nan. Takan tsaya da tsumman a hannu har motar farko ta sauko gangara, ta kasa kunne ta ji yadda za ta tsaya.